Kafin ka kai kwamfutarka a yi mata fomatin

Abin da ya fi sosa mini rai a harkar kwamfuta shi ne yadda fomatin, wato goge duk abin da ke kan faifan ajiya, ya zama maganin kowace cuta. Kwamfuta ta yi nauyi, a ce fomatin. Ta ce wurin ajiya ya cika, a ce fomatin. Na taɓa ganin wata ɗaliba tana share hawaye a shagon gyara saboda an goge mata babi uku na furojet ɗinta, alhali abin da ya kai ta shagon bai wuce jinkirin da na'urar ke yi wajen tashi ba. Aikin minti goma ne da ba ya taɓa fayil ko ɗaya.

Mafi yawan abubuwan da ke ba mutum haushi a kwamfuta mai Windows suna da ƙaramar manhaja ta kyauta da ke warware su. Zan bi su a jere yadda nake bi in an ajiye mini na'ura a gabana, domin jerin yana da muhimmanci: ba a fara shara a ɗakin da rufinsa ke shirin faɗowa.

Shiri kafin a taɓa komai

Danna maɓallin Windows, ka rubuta "Create a restore point", ka buɗe. Idan kariyar faifan C a kashe take, danna Configure ka kunna ta, sannan ka danna Create ka ba shi suna, ko da kwanan watan ranar ne. Wannan ita ce hanyar komawa baya in wani gyara ya ɓata maka tsarin Windows. Amma ka sani ba ya dawo da takardunka da hotunanka, tsarin na'urar kawai yake riƙewa. Don haka ka kwafi duk abin da ba za ka iya jure rashinsa ba zuwa filas ko wani faifai na waje.

Sai maganar inda za ka sauke manhajojin. A nan ne mutane da yawa ke kwaso wa kansu cuta: su rubuta sunan manhaja a Google, su danna tallar farko ko wani koren maɓalli mai walƙiya, su sauke abin da ba shi suka nema ba. Hanya mafi aminci ita ce winget, wadda Microsoft ta fitar da cikakkiyarta a 2021, kuma tana cikin Windows 11 da Windows 10 da aka sabunta. Buɗe Command Prompt ko Terminal, ka rubuta misali:

winget install voidtools.Everything

Ka danna Enter, za ta sauko da manhajar ta kuma ɗora ta. In ba ka san cikakken sunan ba, rubuta winget search sai sunan manhajar. Wanda baƙin allon rubutu ke tsoratarwa, ya je Microsoft Store ko shafin masu manhajar kai tsaye.

Ka kuma nisanci duk manhajar da ta yi maka alkawarin ninka gudun kwamfutarka ko wanke mata rajista, wato kundin da Windows ke adana saitinta. Microsoft kanta ba ta goyon bayan amfani da masu wanke rajista. Ko CCleaner da ta yi suna, a 2017 ɓarayin intanet sun cusa mugun abu a cikin fitowarta ta 5.33, mutum sama da miliyan biyu suka sauke kafin a gano. Duk manhajar da ka ɗora ƙofa ce ka buɗe a gidanka, saboda haka kada ka ɗora wadda ba ka da matsalar da za ta warware.

Fara da lafiyar faifan ajiya

Sauke CrystalDiskInfo ka buɗe. Kowane faifai yana riƙe da bayanan lafiyarsa a cikinsa, ita kuma wannan manhaja karanto su kawai take yi. Dubi akwatin Health Status. Shuɗi mai rubutun Good, lafiya lau. Ruwan ɗorawa mai rubutun Caution, faifan ya fara samun ɓangarorin da suka lalace: tsaya nan, kwashe kayanka yau, kada ka bari sai gobe. Ja mai rubutun Bad kuwa, sai sayen wani. Babu manhajar da ke gyara faifan da ya fara mutuwa, kuma fomatin ba ya ƙara masa kwana.

A wannan shafin akwai Power On Hours, wato adadin awannin da faifan ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Mu da yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, wannan lamba tana da daraja. In za ka je sayen laftof, saka manhajar a filas, domin tana da nau'in da ke aiki ba tare da an ɗora shi ba, ka nemi izinin mai shago ka duba. A nan kuma za ka ga zafin faifan. In kullum yana sama, musamman a zafin Maris da Afrilu, to ƙurar hunturu ta toshe fanka, iska take so a busa mata.

Nauyi wajen tashi

Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Startup, ko Startup apps a Windows 11. Duk abin da ke jerin nan yana tashi ne tare da kwamfutar ko ka kira shi ko ba ka kira shi ba. Dubi layin Startup impact, ka fara da masu High. Wadda ba ka buƙata da zarar ka kunna na'ura, danna ta da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Disable. Ba goge ta ka yi ba, tana nan, sai dai za ta jira sai ka buɗe ta da kanka. Bar na riga-kafin bayiros da na sauti da na linzamin laftof.

Wasu manhajojin sun fi wayo, ba sa bayyana a nan. Maganinsu Autoruns, daga cikin kayan aikin Sysinternals da Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka assasa, waɗanda Microsoft ta saya a 2006. Buɗe ta da izinin Run as administrator. Za ka ga jeri mai tsawon gaske, kada ya firgita ka. Shiga Options ka tabbatar da alama a kan Hide Microsoft Entries, jerin zai ragu sosai. Shafuka biyu kawai nake ba sabon hannu shawarar ya duba: Logon da Scheduled Tasks. Layi mai ruwan ɗorawa na nufin fayil ɗin ba ya nan, saura ne na manhajar da aka cire. Abin da ka gane kuma ba ka so, cire alamar da ke gefensa. Cire alama kawai, kada ka danna Delete, domin alama ana iya mayar da ita. Shafin Drivers da na Services kuwa ka bar su, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In burauzarka ce ta haukace, tallace-tallace na faɗowa ta gefen allo ko shafin farko ya sauya da kansa, sauke AdwCleaner ta kamfanin Malwarebytes. Ba a ma ɗora ta, buɗewa kawai ake yi. Danna Scan, ka karanta abin da ta samo, ka bar ta ta killace su. Daga nan shiga saitin burauzar, ɓangaren Notifications, ka cire shafukan da ka taɓa danna wa Allow ba tare da ka lura ba. Yawancin saƙonnin ƙarya masu cewa kwamfutarka ta kamu da bayiros daga nan suke fitowa.

Faifan C ya yi ja

Mutum zai rantse bai ajiye komai ba, amma ga faifai ya cika. Kada ka tsaya buɗe folda ɗaya bayan ɗaya. WizTree, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa, tana karanta babban kundin da Windows ke rubuta sunan kowane fayil da girmansa, shi ya sa take gamawa cikin daƙiƙoƙi. Zaɓi C, danna Scan. A sama za ta jera foldoji daga babba zuwa ƙarami, a ƙasa kuma ta zana akwatuna masu launi, girman akwati girman fayil. Danna babban akwati ka ga ko mene ne. Galibi bidiyoyin biki ne da aka kwafa sau biyu, ko foldar Downloads da aka shekara ba a leƙa ba, ko abubuwan da Telegram ke saukewa da kansa.

Akwai manyan da za ka gani amma ba naka ba ne: pagefile.sys, hiberfil.sys, da foldar WinSxS. Kada ka taɓa su. Za ka ji ana ba da shawarar kashe hiberfil.sys don a samu wuri. Ni ba na goyon baya a wurinmu, domin shi ne ke adana aikinka in batir ya kusa mutuwa babu wuta. Sharar Windows ta kanta kuwa, bar ta ta kwashe da hannunta: Settings, System, Storage, Temporary files. In ka ga Previous Windows installation, tsohuwar Windows ce da aka ajiye bayan sabuntawa, takan cinye gigabait masu yawa. Amma duba da kyau kafin ka danna Remove files, domin Downloads ma tana cikin jerin, kada ka sa mata alama bisa kuskure.

Filas ya dawo daga shagon buga takardu

Wannan kam kusan kowa ya ɗanɗana. Ka kai filas a buga maka takarda, ka dawo gida ka tarar foldojinka sun koma shotkot masu 'yar kibiya a gindi, ko filas ɗin ya nuna a cike amma ba ka ganin komai. Kayanka suna nan, ɓoye su bayiros ɗin ya yi. Abin da yake jira shi ne ka danna ɗaya daga cikin shotkot ɗin, ya samu hanyar shiga kwamfutarka. Saboda haka kada ka danna ko ɗaya.

Da farko danna filas ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Scan with Microsoft Defender, riga-kafin bayiros da ke cikin Windows. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show more options. Sannan ka lura da harafin da aka ba filas ɗin, mu ce E. Buɗe Command Prompt ka rubuta wannan daidai yadda yake, da tazarar da ke tsakani:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Sauya E da harafin naka. Umarnin yana cire tambarin ɓoyewa daga kowane fayil da folda. Jira ya gama, ka buɗe filas. Wani lokaci za ka tarar da kayan a cikin wata folda marar suna. Kwafe su zuwa kwamfuta, ka bar duk wani shotkot da fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe wanda ba kai ka saka ba, sannan ka yi wa filas ɗin fomatin. A nan ne kaɗai fomatin ya dace. In ka mayar da kaya shotkot suka sake dawowa, to cutar ta riga ta zauna a kwamfutar: koma Autoruns, shafin Logon, ka nemi layin da ke kiran wscript.exe, ka cire masa alama, ka sa Defender ya yi Full scan.

In kuwa gogewa ka yi da hannunka, ka tuna abin da aka goge daga filas ba ya zuwa Recycle Bin. Daina amfani da filas ɗin nan take, kada ka ajiye komai a kansa, domin sabon fayil kan tsohon yake kwanciya. Sauke Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, nuna mata filas ɗin, in binciken farko bai samo ba ka sa Deep Scan. Masu koren ɗigo sun fi yiwuwar dawowa lafiya. Ajiye abin da ta ceto a wani faifai dabam. A faifan SSD, sabon nau'in faifai mai sauri na cikin kwamfuta, dai damar ta yi ƙaranci ƙwarai, saboda yana share wurin da aka goge ba da jimawa ba.

Ina na ajiye takardar nan?

Da za a ce in zaɓi manhaja ɗaya tak daga duk waɗannan, Everything ta voidtools zan ɗauka. Binciken Windows yakan sa mutum ya zauna yana kallon layi na tafiya. Everything kuwa kana rubuta harafi sakamako na fitowa. Rubuta kalma biyu da tazara, za ta kawo fayilolin da sunansu ke da duka biyun. Rubuta ext:pdf ta nuna PDF kawai. Rubuta dm:today ta kawo duk abin da aka taɓa a yau, wanda ke ceton mutumin da ya adana aiki bai lura da foldar da ya faɗa ba. Ana haɗa su: ext:docx dm:thisweek zai kawo takardun Word na wannan mako. Rubuta size:>500mb ka ga manyan fayiloli.

Suna take nema, ba abin da ke cikin takarda ba, don haka wanda ke barin fayilolinsa da suna irin Document1 sai ya gyara hali. Kuma filas mai tsarin FAT32 ko exFAT ba ya shiga da kansa, sai ka ƙara shi ta Tools, Options, Folders.

Kwamfuta na shanye data

Ka haɗa laftof da wayarka, kafin ka buɗe shafi biyu data ta ƙare. Wannan ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka danna sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Ka gaya wa Windows ke nan cewa wannan layi da kuɗi ake auna shi, za ta dakatar da mafi yawan sauke-sauken da take yi a ɓoye. A ɓangaren Data usage za ka ga abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce, a nan ɓarawon zai fito fili. Sai dai kada ka mayar da wannan hanyar hana sabuntawa har abada. In ka samu intanet mai yalwa, bar ta ta sabunta. Masu Windows 10 su sani Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Tura hoto daga waya zuwa kwamfuta ma ba sai ka aika wa kanka ta WhatsApp ba. Saka LocalSend a duka biyun, ka haɗa su a Wi-Fi ɗaya, ko da na wayar ne da data a kashe. Za su ga juna, ka zaɓi fayil ka tura. Karon farko Windows za ta tambaye ka izini, danna Allow.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan ya fi damuna fiye da yadda yake damun mutane da yawa. Bari da ɓari ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, haka daki da ɗaki. Amma sai ka ga takarda mai muhimmanci an buga ta babu lanƙwasa ko ɗaya, wai don kibod ba shi da su. Windows na da kibod ɗin Hausa a cikinta. Shiga Settings, Time & language, Language, ka danna Add a language, ka nemi Hausa. Bayan ya shiga, maɓallin Windows da na tazara ne ke sauya ka tsakanin Turanci da Hausa. Riƙe Alt na hannun dama ka danna b, d, k ko y, za ka samu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Haɗa da Shift don manyan baƙaƙe. Harafin ƴ 'yan'uwanmu na Nijar ne suka fi rubuta shi, a Nijeriya an saba da 'y.

In kana kan kwamfutar da ba taka ba, a cikin Word rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai koma ƙ. Lambar ɗ ita ce U+0257, ta ɓ kuma U+0253. Manyansu: U+0198, U+018A, U+0181. Mai rubutu da harsuna da yawa ko mai son sa alamar karin sauti ya nemi Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce kuma tana aiki a kwamfuta da waya. In harafin ya fito kamar akwati ko ya bambanta da 'yan'uwansa, salon rubutun ne ba shi da shi, koma Arial ko Times New Roman.

Sauran ƙananan kaya

PowerToys tarin kayan aiki ne na Microsoft da aka fara tun zamanin Windows 95, aka farfaɗo da shi a 2019. Uku nake amfani da su kullum. Image Resizer yana rage girman hoto daga dannan dama, abin da mai cike fom ɗin makaranta ko neman aiki ke buƙata in shafi ya ƙi karɓar fasfo don ya yi nauyi. File Locksmith yana nuna maka manhajar da ta riƙe fayil in Windows ta ce ba za a iya goge shi ba. PowerRename kuma yana sauya sunan hotuna ɗari a lokaci guda. In na'urarka ba ta da ƙarfi, shiga saitinsa ka kashe duk sauran.

Danna Windows da V ka kunna tarihin kwafi: zai riƙe abubuwa 25 na ƙarshe da ka kwafa, ba ɗaya kawai ba. A kwamfutar da ake tarayya kada ka kwafi lambar sirri yana kunne. Fayil ɗin da aka ƙunshe ya ƙi buɗewa, 7-Zip. Bidiyo ya fito babu murya, VLC. Mai karanta PDF ya yi nauyi, SumatraPDF. Sannan a Word, shiga File, Options, Save, ka rage lokacin AutoRecover daga minti 10 zuwa 2, saboda ranar da za a ɗauke wuta kana tsakiyar shafi.

In ka bi duk wannan amma har yanzu tana jan ƙafa, koma Task Manager, shafin Performance. Idan Memory na cike kullum kuma gigabait 4 gare ka, ƙarin RAM, wato Memory ɗin, take so. Idan an rubuta HDD, tsohon nau'in faifai, a gefen Disk kuma yana manne a kashi 100, sauya shi da SSD, a nan ne za ka ga bambancin da babu manhajar da za ta ba ka. Wannan aikin mai gyara ne. Ka ce masa ya ɗora Windows a sabon faifan, tsohon kuma kada ya goge shi, ya miƙo maka a hannu. Sayi ɗan gidan faifai mai igiyar USB ka saka shi a ciki, ka kwashe kayanka a natse in ka koma gida.